Sharhi: Me ke sa talaka ya juya wa jam'iyyar da ta daɗe bisa mulki baya?



A nan Nijar babu wani zaɓe a gabanmu yanzu. Tun ranar 26 ga Maris 2025, lokacin da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa aka kuma rantsar da Janar Abdurahman Tiani na tsawon shekara 5, an rushe dukkan jam'iyyun siyasa. Amma duk wanda ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san a ƙetaren iyaka an fara kaɗa gangar 2027. A watan Yuli na 2025 manyan ƴan adawar Najeriya irin su Atiku Abubakar da Nasir El-Rufa'i da David Mark suka ɗauki lemar ADC da nufin ture APC, wadda ke riƙe da ƙasar tun 2015. Mutanenmu na Dogo-Dogo da Dungas da Malawa da Gushi suna dawowa da wannan hira tare da kayansu, kuma a majalisa muhawarar takan kasu gida biyu. Wasu na cewa mai gwamnati ba ya faɗuwa, tunda kuɗi nasa ne, jami'an tsaro nasa ne. Wasu na cewa in talaka ya gaji, ba mai tare shi.

Dukkansu suna da abin kafa hujja. Sai dai ba sai mun je nesa neman amsa ba, don a tarihin ƙasarmu an taɓa kayar da jam'iyyar gwamnati da ƙuri'a, kuma jahar Damagaram na cikin waɗanda suka fi ba da ƙarfi a ranar.

Abin da ya faru a 1993

Matasa da yawa ba su san girman MNSD a wancan zamani ba. An kafa ta a 1989 a ƙarƙashin Janar Ali Saibu a matsayin jam'iyya ɗaya tilo. Ita ta gaji duk tsarin da mulkin Seyni Kunce ya gina tun 1974: samariya, ƙungiyoyin manoma, hulɗa da sarakuna da masu gari, da manyan ƴan kasuwa. A zaɓen Disamba 1989 Ali Saibu shi kaɗai ne ɗan takara, kujeru 93 na majalisa kuwa MNSD ta kwashe su kaf. Idan a ranar ka ce nan da shekara 4 wannan jam'iyya za ta koma adawa, sai a ɗauke ka mai taɓin hankali.

Amma ƙarƙashin ƙasa gara ta riga ta fara aiki. Kuɗin uraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, baitulmali ya bushe, albashi ya riƙa makara, kuɗin tallafin ɗalibai ma haka. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito zanga-zanga a Yamai, aka buɗe masu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasa rayukansu bisa alƙaluman hukuma. Daga nan ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai USN suka ƙi sassautawa, har aka amince da jam'iyyu barkatai a ƙarshen 1990, aka kuma yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. A wurin taron nan ne aka tone asirai da dama na tsohon mulki, kuma ana watsa shi ta rediyo, mutanen ƙauye na saurare. Kwarjinin da ake gani na masu mulki ya ragu tun daga ranar.

Duk da haka, ku lura da wannan: MNSD ba ta rushe ba. A zaɓen ƴan majalisa na 14 ga Fabrairu 1993 ita ce ta zo ta ɗaya da kujeru 29 cikin 83. CDS-Rahama ta samu 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, Tanja Mamadu na MNSD ne a gaba da kashi 34 cikin 100, Mahaman Usman na biye da wajen kashi 27. To me ya kayar da ita?

Ku dubi kujeru 11 ɗin nan na ANDP. Mumuni Adamu Jarmakwai ɗan gida ne a MNSD. Ya nemi shugabancin jam'iyyar a 1991, Tanja ya kayar da shi, sai ya fice ya kafa tasa, ya tafi da ƙuri'un Doso. A zagayen farko ya samu kashi 15. Ku haɗa 34 na Tanja da 15 na Jarmakwai, kun ga saura ƙiris a kai rabi. Sai ga shi Jarmakwai da Mahamadu Isufu, wanda shi ma ya samu wajen kashi 16, sun shiga ƙawancen AFC sun mara wa Mahaman Usman baya. Ranar 27 ga Maris 1993 aka yi zagaye na biyu, Nafarko ya lashe da kashi 54. Kalmar da ke bakin kowa a lokacin ita ce "canji".

A jahar Damagaram akwai wani abu kuma da ya ƙara wa wutar iska. Tun da Turawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, mutanen gabas da yawa ke ganin an bar su baya a rabon muƙamai da ayyuka. Ko mutum ya yarda da wannan ƙorafi ko bai yarda ba, ya yi tasiri a akwati. Jam'iyyar da ta daɗe tana mulki takan ɗauki alhakin duk wani yanki da ke jin an manta da shi, har da laifin da ta tarar ba ita ta fara ba.

Tukunya ce ke fara yin zaɓe

Idan aka duba duk inda aka kayar da tsohuwar jam'iyya, za a tarar kafin akwati ya yi magana, tukunya ta riga ta yi. Manomi a Dogo-Dogo ba ya lissafin bunƙasar tattalin arziki da ake karantawa a labarai. Lissafinsa shi ne: buhun taki nawa ne bana, nawa aka sayi riɗi da wake a hannunsa, tiyar gero nawa ta kai a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma in yaro ya kwanta da masassara akwai magani a gidan likita ko sai an rubuta takarda a tafi saye.

A 2005 mun ga misali. Watanni kaɗan bayan Tanja ya sake lashe zaɓe a Disamba 2004 da kashi 65, gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta, a daidai shekarar da fari da fara suka ɓata amfanin gona. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa na su Nuhu Arzika ya kira a rufe kasuwanni, aka rufe a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, har gwamnati ta ja da baya a watan Afrilu. A wannan shekarar ce kuma hotunan yaran Maraɗi da Damagaram masu tamowa suka zagaya duniya, shugaban ƙasa kuwa ya ce wa BBC babu yunwa a Nijar. Mutum na iya yafe maka rashin abinci, tunda ya san ba kai ke saukar da ruwan sama ba. Abin da ke da wuyar yafewa shi ne ka dube shi ka ce masa ba ya jin yunwa.

Haka abin yake a wajen ƙasarmu. A Botswana, jam'iyyar BDP ta mulki ƙasar tun samun ƴancin kai a 1966, shekara 58 cur, kuma ana yaba mata a Afirka kan iya riƙon dukiya. Da kasuwar lu'ulu'u ta faɗi, rashin aikin yi ya haura kashi ɗaya bisa huɗu, ranar 30 ga Oktoba 2024 masu zaɓe suka bar mata kujeru 4 kacal cikin 61. A Afirka ta Kudu, ANC ta Mandela ta sauko daga kashi 57 a 2019 zuwa kashi 40 a Mayu 2024, bayan shekarun ɗauke wuta da rashin aiki. Tarihin gwagwarmaya bai hana mutane kallon fitilar ɗakinsu ba.

Sai bango ya tsage

Amma tsadar rayuwa kaɗai ba ta cika kayar da gwamnati ba. Da haka ne, da babu jam'iyyar da za ta yi zango biyu a Sahel. Abin da ya fi maimaituwa a tarihi shi ne ɓaraka daga cikin gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun ga Jarmakwai a 1993. Bayan shekara 18 sai ga labarin ya dawo da wata fuska. Hama Amadu, faraminista tun 2000 kuma shugaban MNSD, majalisa ta tsige gwamnatinsa ranar 31 ga Mayu 2007, aka kulle shi a gidan kason Kutukale a 2008. Magoya bayansa suka fice suka kafa Lumana. A zagayen farko na zaɓen 31 ga Janairu 2011, Isufu ya samu kashi 36, Seini Umaru na MNSD kashi 23, Hama kusan 20. Ku sake haɗa lissafi: da gidan bai rabu ba, MNSD ce a gaba. Hama ya mara wa Isufu baya, Zaki ya lashe zagaye na biyu da kashi 58. A 2015 kuma Albade Abuba ya fice ya kafa MPR-Jamhuriya. Jam'iyyar da ke da kujeru 47 cikin 113 a 2004, a zaɓen 2020 kujeru 13 ta tsira da su.

A Senegal ma haka aka yi a 2000. Jam'iyyar PS na mulki tun 1960. Mustafa Niasse, ɗaya daga cikin jigoginta, ya fice a 1999, ya samu wajen kashi 17 a zagayen farko, ya mara wa Abdullahi Wade baya, Abdu Diouf ya faɗi. A Afirka ta Kudu, kusan kashi 15 da sabuwar jam'iyyar Jacob Zuma ta samu a 2024 daga jikin ANC aka yanke shi.

Na maƙwabtanmu kuwa kowa ya san shi. PDP ta mulki Najeriya daga 1999, har wani shugabanta, Vincent Ogbulafor, ya yi alfahari a 2008 cewa za su yi shekara 60. A Nuwamba 2013 gwamnoninta 5 suka koma APC rana ɗaya, cikinsu har da Rabi'u Kwankwaso na Kano da Aliyu Wamakko na Sakkwato. Ga Boko Haram, ga sace ƴan matan Chibok a Afrilu 2014. Ranar 28 ga Maris 2015 Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 15 da ƴan kai, Jonathan bai kai miliyan 13 ba. Shekara 60 ta tsaya a 16.

Me ya sa ɓaraka ke da haɗari haka? Saboda a ƙauye ba a zaɓen takardar manufofi, mutane ake bi. Akwai ɗan kasuwar da ke ba da bashin iri, akwai shugabar mata da ke tara asusu, akwai kansila, akwai malamin makaranta da ake kai wa wasiƙa ya karanta. Idan babba ya fice daga jam'iyya, da wannan sarƙar gaba ɗaya yake tafiya. Ya san rumfunan da ake wasa da alƙaluma, ya san wa ake ba kuɗi a kowane gari, don da shi aka riƙa yi. Sannan ficewarsa na ba talaka ƙarfin zuciya: in wane da ya ci ya sha a gidan ya fita, ni da ban samu komai ba me nake tsoro?

Raini da tazarce

Akwai wata cuta da ke kama duk wanda ya daɗe bisa kujera: ya daina jin komai sai muryar ƴan fada. Tanja mutum ne da ƙauyawa da yawa ke ƙauna, wannan ba a musun sa. Shirinsa na musamman ya gina azuzuwa da ƙananan gidajen likita a ƙauyuka, kuma a zamaninsa aka fara kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma a nan jaharmu, ranar 27 ga Oktoba 2008, wajen aza tubalin matatar mai ta Damagaram, aka fara jin kiran tazarce a fili. Cikin ƴan watanni aka rushe majalisa, aka rushe kotun tsarin mulki da ta ce a'a, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta 2009, aka ce kashi 92 sun amince. A zaɓen ƴan majalisa na Oktoba, wanda adawa ta ƙaurace wa, MNSD ta kwashe kujeru 76 cikin 113. A takarda, ba ta taɓa ƙarfi kamar ranar ba. Bayan wata huɗu, ranar 18 ga Fabrairu 2010, Salu Jibo ya kawo ƙarshen zancen. Da aka koma akwati a 2011, tabon tazarce na cikin kayan da Seini Umaru ya shiga takara ɗauke da su.

Raini ba sai a fadar shugaban ƙasa yake ba. Yana nan a ɗan majalisar da ba a ganinsa sai kamfe, ya zo da sabulu da atamfa da ƴan jikkuna. Yana nan a ɗan takarar da uwar jam'iyya ke aikowa daga Yamai ta ɗora wa mutane alhali suna da nasu. Yana nan a taimakon abinci ko taki mai rahusa da ke iso wa gari ya maƙale a hannun ƴan jam'iyya, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Talaka ba ya musu da kai a fili. Zai karɓi sabulun, ya yi maka kirari, ya raka ka har bakin mota. Abin da ke zuciyarsa sai ranar da ya shiga bayan labule shi kaɗai.

Gine-gine ma ba su cika ceton mai mulki ba in iska ta juya. Sule Lamido ya yi shekara 8 a Jigawa, ya gina filin jirgin sama a Dutse da jami'a a Kafin Hausa, abokan hamayyarsa ma ba su musun ya yi aiki. Duk da haka a 2015 ɗan takararsa ya sha kaye a hannun Badaru Abubakar, don guguwar da ta taso daga sama ta fi ƙarfin aikin jaha ɗaya.

Waɗanda ba su san jiya ba

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ma'anar wannan a siyasa ita ce, duk bayan shekara 5 ana samun dubban ɗaruruwan sababbin masu zaɓe da ba su da wani bashi na tarihi a wuyansu. Dattijo na iya zaɓen jam'iyya don ya tuna ranar da ta haƙa rijiyar garinsu. Jikansa a rijiyar ya tarar, bai san wahalar da aka sha kafin ta ba, abin da ya sani shi ne ya gama makaranta ba aiki, ko ya tafi ci-rani Kano ko Legas ko Libiya ya dawo hannu rabbana. PPN-RDA ce ta karɓo ƴancin kai a 1960 ta kuma yi mulki har 1974, amma da ta dawo takara a 1993 kujeru 2 ta samu.

Yanzu kuma ga salula. A da, labarin abin da ya faru a Yamai sai wanda gwamnati ta so a ji. Yau saƙon murya ɗaya a WhatsApp kan zagaye Magarya da Dungas kafin la'asar, gaskiya ne ko ƙarya. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro a 2020, wanda ya bankaɗo aringizon miliyoyin dubbai na sefa a cinikin makamai a daidai lokacin da ake kashe sojojinmu a Inates da Shinagodar, har ƙauye an yi hirarsa. A Senegal, matasan nan ne suka ɗauko Bassirou Diomaye Faye, wanda ya fito daga kaso kwana 10 kafin zaɓe, suka ba shi kashi 54 tun zagayen farko a Maris 2024.

Me ya sa wani lokaci haushi ba ya isa?

To masu cewa mai gwamnati ba ya faɗuwa fa, ina hujjarsu? Ga ta. Ranar 27 ga Disamba 2020, bayan shekara kusan 10 na mulkin PNDS, Bazum Mohamed ya samu kashi 39 a zagayen farko. Wato mutum 6 cikin 10 wani suka zaɓa. Amma ƴan takara 30 ne suka tsaya, kuma da aka zo zagaye na biyu Seini Umaru da Albade Abuba ɓangaren Bazum suka bi. Sakamakon hukuma ya ba shi kusan kashi 56, Mahaman Usman ya samu 44, ya kuma ce an yi maguɗi, aka yi tarzoma a Yamai. Abin da ya faru a 1993 da 2011 shi ne ya faru a 2021, sai dai a juye: wanda ya iya tara na uku da na huɗu a bayansa shi ke shiga fada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai batun yarda da ƙidaya. Mutum ba zai bar gonarsa ya yi layi cikin rana ba in ya tabbata an riga an rubuta sakamako. A Najeriya a 2015, na'urar tantance katin zaɓe da hukumar Attahiru Jega ta kawo ta sa mutane da yawa suka yarda cewa wannan karon ƙuri'arsu za ta yi aiki, suka tsaya a rumfa har aka ƙirga. Sannan Jonathan ya ɗaga waya ya taya Buhari murna tun kafin a gama sanarwa. Sauyi ta akwati na buƙatar mai kayarwa, yana kuma buƙatar wanda zai yarda ya faɗi.

Na gida ma bai tsira ba

Kada mu ɗauka wannan darasi na masu fadar Yamai ne kawai. A jaharmu, wajen shekara 15 CDS-Rahama ce uwa ce uba. Kujeru 22 a 1993, 24 a 1995, 22 a 2004. A 2011 sai ga ta da 3, a zaɓen da aka soke jerin ƴan takarar jam'iyyu da dama, shi kuwa Mahaman Usman kashi 8 ya samu a zaɓen shugaban ƙasa. Rikicinsa da Abdu Labo ya kai har kotu, jam'iyyar ta kuɓuce masa, a 2016 da rigar MNRD-Hankuri ya yi takara, a 2020 da ta RDR-Canji. Abin da CDS ta ci riba da shi a kan MNSD shi ya dawo ya cinye ta. Ba wata jaha da ke mallakin wata jam'iyya har abada.

Ganin Dala ba shiga birni ba ne

Abu na ƙarshe, wanda masu murnar canji ba su cika son ji ba. Kayar da tsohuwar jam'iyya abu ɗaya ne, gyara abin da ya sa aka kayar da ita wani abu ne daban. AFC ta hau a Afrilu 1993. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, yajin aiki ya ci gaba, albashi bai daina makara ba. A Satumba 1994 Isufu ya ajiye muƙamin faraminista, PNDS ta koma wajen MNSD. A zaɓen Janairu 1995, bai cika shekara biyu da canji ba, ɓangaren MNSD ya dawo da rinjaye a majalisa. Shugaban ƙasa da faraminista Hama Amadu suka shafe shekara suna ja-in-ja, har Ibrahim Ba'are Mainasara ya karɓe mulki ranar 27 ga Janairu 1996. Ƙawancen da ƙin mutum ɗaya ne kawai ya haɗa shi, ranar da mutumin ya faɗi ranar yake fara tsagewa.

A Najeriya ma, Buharin da aka yi wa ruwan ƙuri'u a 2015 shi ne ya rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mu da ƴan uwanmu na Maigatari da Babura muka ji a jikinmu. Ga ƴan bindiga, ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023. A zaɓen shugaban ƙasa na wannan shekarar APC ta rasa Kano, ta rasa Katsina, jahar Buhari ta haihuwa. Talakan da ya ɗora ka bai rantse zai riƙe ka ba.

Ga kuma abin da ya kamata ya dame mu a matsayinmu na ƴan Nijar. Daga 1960 zuwa yau, sau 5 sojoji suka sauya mulki: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Sau ɗaya kacal zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe, a Afrilu 2021, shi ma cikin jam'iyya ɗaya. Kayen da MNSD ta sha a 1993 da 2011 duka a ƙarƙashin gwamnatin riƙon ƙwarya aka yi su, lokacin da ba ita ke riƙe da ragamar shirya zaɓe ba. Har yanzu ba mu taɓa ganin jam'iyyar da ke zaune a fada ta shirya zaɓen shugaban ƙasa, ta faɗi, ta miƙa wa adawa makulli ba, abin da Senegal da Gana da Benin da Najeriya duk suka gani. Kowa na iya fassara wannan yadda ya fahimta, amma lissafin a bayyane yake: inda ƙofar akwati ta ƙi buɗuwa, wata ƙofar ce ke buɗewa.

Kundin sake gina ƙasa ya tanadi wa'adi, kuma ko ba daɗe ko ba jima za a sake tsara yadda za a yi siyasa, tun daga kansilolin Dogo-Dogo har zuwa majalisar ƙasa. Waɗanda za su fito neman ƙuri'armu a ranar, sababbin fuskoki ne ko tsofaffi da sababbin riguna, ya kyautu su karanta tarihin MNSD da CDS da PDP tun yanzu. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuma masu jefa ƙuri'a, kafin mu tambayi wa za mu kayar, mu tambayi wanda ke son hawa me ya haɗa shi da abokan tafiyarsa ban da ƙin wane, kuma in mun gaji da shi gobe, zai yarda ya sauka?

Allah ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, ya ba mu shugabanni masu jin kukan talakawa.